Abin da masu gyara suka ce kan amfilifaya mai cin fiyus

Na tattaro shawarwarin da ogogin gyara na Sabon Gari da Tudun Wada suka bayar kan amfilifayar wani masallaci da ke ƙona fiyus da an kunna ta. Kusan duk bakinsu ɗaya, a fara cire lasifika, a sauke cajin manyan kafasita (masu ajiye wuta ko bayan an kashe), sannan a sa mita a kan taransistocin fita, wato manyan da ke tura sauti zuwa lasifika, irin su 2SC5200 da 2SA1943, in mita ta nuna kolekta da emita (biyu daga ƙafafun taransista uku) sun haɗe to taransistar ta mutu kawai.

Amma fa kar ka canza ita kaɗai ka kunna, nan ne aka fi jan magana, wai sau da yawa direbobin da ke bayanta (ƙananan taransistocin da ke tura mata sigina) da ƙananan rizistocin 0.22 ohm su ma sun tafi, sabuwar za ta sake ƙonewa nan take ga kuɗinka sun tafi, balle jabu sun cika kasuwa. Wani dattijo ya ce a jona kwan fitila mai zare na wat 100 a layin wuta yadda wutar za ta bi ta cikinsa kafin ta shiga amfilifayar, in ya haska sosai ya ƙi dushewa akwai sauran matsala, ni kam wannan dabarar ta fi burge ni.

Kafin a mayar da lasifika a auna DC (wutar da ke tafiya gefe ɗaya, irin ta batir) a bakin fita, ya zama kusan sifili, a shafa man da ke ɗauke zafin taransista kafin a ɗaure taransista jikin ƙarfen sanyaya.