Fitilun sola da lissafin ƙuri'a

Daren jiya a majalisarmu ta Fagge an tafka muhawara kan fitilun sola na titi. Wani dattijo ya ce ɗan siyasa shekara huɗu yake lissafi, shi ya sa gadar sama irin ta Ƙofar Nasarawa ta fi masa bututun ruwa, don abin da aka binne ba ya kawo ƙuri'a.

Shawarar da ta rinjaya: a sa kuɗin sauya batir cikin kwangila tun farko, tunda zafin bazara na cinye shi. A ji ta bakin masu unguwanni kafin kafa turke. Wani ya tuno hana acaɓa a Kano a 2013, don nuna cewa sai an duba buƙatar jama'a tsari ke karɓuwa: jama'a sun haƙura ne saboda A Daidaita Sahu ta cike gurbin. Ni dai hujjar wannan na ƙarshe ta fi shiga raina.