Tambaya: RMI (ma'aunin haɗarin cutar daji a ƙarin ƙwan mahaifa) ya haura 200, amma ana zargin tarin fuka na ciki

Assalamu alaikum, likitoci. Ina neman shawararku kan mace 'yar shekara 36 a nan Kano, tana ganin al'ada. Hoton ciki ya nuna ƙari a ƙwan mahaifa na dama, santimita 9, mai ɗakuna da yawa, ga ruwa a ciki. Alamu biyu ke nan, don haka a lissafin RMI makin hoto 3 ne, makin al'ada 1, CA-125 (gwajin jini da ke iya nuna alamar cutar daji) kuma 180. Idan aka ninka, RMI ya kai 540, ya wuce 200, iyakar da ake ƙara zargin cutar daji, nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tana ramewa, tana zazzaɓin yamma da gumin dare. Tarin fuka na ciki shi ma yana tara ruwa, yana ɗaga CA-125, kuma ba baƙo ba ne a wajenmu. Hoton ƙirji fes, gwaje-gwajen jini na wasu nau'o'in ƙari, wato AFP da hCG da LDH, duk lafiya.

Shin a ɗebi ruwan da allura a auna ADA (sinadarin da ke ƙaruwa idan akwai tarin fuka), a yi GeneXpert (gwajin gano ƙwayar tarin fuka), ko kuwa tsoron huda ƙarin ya hana? GeneXpert kan kuskure cutar a ruwan ciki. Ko a tura ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kai tsaye?