"Sabo turken wawa": da yaron ake ko da iyayen?

Maman Sadik: Jama'a ku raba mu. Daren jiya muka yi sa-in-sa da maigida kan ɗanmu mai shekara 13. Tun hutun da ya wuce gem ɗin waya na Free Fire ya shiga kansa. Abinci sai an yi ta kira, Asuba sai da yayyafin ruwa, ashe cikin bargo yake kwana da wayar. Na ce a karɓe, baban ya ce a ƙyale shi, zai gaji don kansa. Surukata tana gefe tana jin mu, sai ta ce "sabo turken wawa", ta shige ɗaki. Shi ya ce da jikanta take. Ni na ga kamar mu aka jefa.

Malam Na-Tudu: Da ku take mana, Maman Sadik. Ɗan shekara 13 ba a ce masa wawa, hankali ne bai gama zuwa ba. Wanda ya saba miƙa wa yaro waya don ya samu sararin kansa, shi ke ɗaure.

Bakatsine: Allah ya gafarta Malam, ka ja karin inda kake so. Mu dai mun taso ana faɗarsa ga wanda ya saba da wuri ko mutum har ya kasa rabuwa, ko da cutuwa yake. Babu ruwansa da shekaru.

'Yar Asibiti: Ko wa ake nufi, abin ya wuce a ce zai gaji. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan jarabar cikin jerin cututtuka. Kuma ba yawan awanni kaɗai suke dubawa ba: yaro ya kasa tsayawa in ya fara, gem ya ture barci da karatu da abokai, ya ga yana cutuwa ya ci gaba, a ɗauki kamar shekara a haka. Ki lura ko kuɗin cefane na ɓacewa, don da kuɗin gaske ake sayen dayamon, wato kuɗin cikin wasan. Wayar ta riƙa kwana a ɗakinku, a sa mata Family Link, manhajar da iyaye ke sa ido da ita kan wayar yara, a yanka masa lokaci da saninsa.

Ɗan Kwari: Turken wawa na gaskiya ai kujera ce. Wani ya gama shekara takwas ya koma majalisa, yanzu kuma ɗansa yake wa kamfe. Shi wa zai karɓe wa wayar?

Uwar Biyu: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Kawuna yana yaro dara ta kama shi. Gindin wata tsamiya ake yi a bakin kasuwa, a aike shi sayen daddawa sai an sauke tuwo ya dawo. Kakanmu ya zane shi har ya gaji. Aka ƙona 'ya'yan darar, ya feƙe wasu da kara. Ran nan Inna ta ɗauki tabarma da ƙwaryar furarta ta bi shi har gindin tsamiyar, ta shimfiɗa ta zauna cikin samari. Ba ta ce masa ci kanka ba. Duk ya ci wasa sai ta rangaɗa guɗa, ta ce "ɗana ya ci gari!" Kasuwa ta taru ana dariya. Washegari ma ta koma. Kafin sati samarin da kansu suka ce don Allah ya daina zuwa. Daga nan ta sayi ɗan rago ta damƙa masa, ta ce in ya yi ƙiba ribar tasa ce a Babbar Sallah. Ciyawa da dusa suka cinye yammacinsa. Yau fataucin dabbobi yake, har Legas yana kai kaya. Amma fa har gobe in ya ga ana dara sai ya tsaya ya gyara wa mutane wasa.

Bakatsine: To kin gani, turken bai tuge ba ke nan. Igiyar kawai aka tsawaita.

Malam Na-Tudu: Ni ragon na gani. An ba shi abin yi. Yanzu a karɓe waya a bar yaro yana kallon bango, an katange ko'ina, babu filin ƙwallo, babu langa.

Ɗan Kwari: Filin unguwarmu an yanka shi shaguna, Malam. Kada ka sa in faɗi na waye.

Baban Gida: A Sin tun 2021 gwamnati ta ce 'yan ƙasa da 18 awa uku kacal a mako za su yi gem na intanet, Juma'a da Asabar da Lahadi, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare.

Ɗan Kwari: Mu masu wuta sun riga su, awa ukun ma ba ma gani.

'Yar Asibiti: Maman Sadik, tambaya ɗaya, kada ki ji haushi. Baban shi ma yana yi?

Maman Sadik: Hmm. Ƙwallon nan ta eFootball, wai don ya huce gajiyar kasuwa.

Uwar Biyu: Yar uwa, nemi tabarma babba, mai cin mutum biyu. Ki tafi da Hajiya, ita za ta yi guɗar.