Wa zan fara karantawa a kan Derrida da maganar addini?

Ɗalibi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ina shekarar ƙarshe a sashen falsafa, na kuma ɗauko kayan da suka fi ƙarfin wuyana: alaƙar falsafar bayan-zamananci ta Turai da addini. Mai duba aikina ya dawo min da shafi 12 da na kai masa, ya zagaye sunan Derrida, masanin falsafar nan na Faransa, da jan biro, ya rubuta a gefe, "Ka karanta shi kuwa?" Tsakani da Allah ban karanta ba. Na buɗe littafinsa na 1967, De la grammatologie, a fassarar Turanci, na kwana uku a shafi huɗu, kaina ya ɗau zafi na rufe. Ta ina ake shiga gidan nan?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Ɗana, ta katanga ka hau, alhali ga ƙofa. Ajiye wannan littafin tukuna. Ka fara da abu biyu gajeru. Na farko, labarin Nietzsche, masanin falsafa Bajamushe, na 1882, na mahaukacin da ya kunna fitila da safe ya shiga kasuwa yana shelar mutuwar Ubangiji. Ka lura da waɗanda yake wa magana: mutanen kasuwar marasa imani ne, dariya suke masa. Zarginsu yake cewa sun tumɓuke ginshiƙi suna ci gaba da kwana a ɗakin kamar ba abin da ya faru. Na biyu, laccar Heidegger, shi ma Bajamushe, ta 1957, inda ya ce abin da masu falsafa suke kira Allah, wato sanadin farko da suke rufe lissafinsu da shi, ba wanda zai iya durƙusa masa, ko ya roƙe shi, ko ya yi masa hadaya. In ka riƙe wannan, rabin rigimar ta warware. Yawancin mutanen nan da allahn littafin falsafa suke faɗa, shi ya sa malaman coci da yawa suka ji daɗinsu maimakon su guje su.

Mai Goro: A'uzu billahi. Malam, da girmanka? Yaro ya zo neman ilimi ka fara masa da wanda ya ce Allah ya mutu? Ni shawarata ya canza maudu'i, ƙasa ba ta ƙare ba.

Tsohon Malami: Alhaji, Imam Gazali sai da ya zauna ya karanta masu falsafa, ya rubuta manufofinsu dalla-dalla, sannan ya yi musu raddi. Wanda bai san ramin kura ba, ai shi yake faɗawa ciki.

'Yar Damagaram: Ƙanena, ni da Faransanci na karanta Derrida a Yamai, kuma ka kwantar da hankalinka, ko a harshensa wuya gare shi. Misali kalmarsa da ta fi shahara, différance: harafi ɗaya ya canza a kalmar différence, wato bambanci, ya sa "a" a gurbin "e", kuma in an furta kunne ba ya jin bambanci, sai ido ya gani a takarda. Da gangan ya yi. To yaya mai fassara zai yi da wannan?

Abin da zan ba ka shi ne Foi et savoir, imani da sani ke nan. Ya samo asali daga wani zama da suka yi a tsibirin Capri na Italiya a 1994, shi da masana falsafa Vattimo ɗan Italiya da Gadamer Bajamushe da wasu kaɗan. Abin da ya burge ni, shi da kansa ya duba teburin ya ce ga shi ana maganar addini amma babu Musulmi ko ɗaya a wurin, babu mace ko ɗaya. Ya kuma nuna cewa kalmar da Turawa ke kiran addini da ita ta Latin ce, ta ɗauko ƙamshin Kiristanci, aka shimfiɗa ta a kan kowa. Sannan ka tuna ɗan Aljeriya ne, Bayahude, haihuwar El Biar a 1930, kuma a 1942 aka kore shi daga makaranta saboda dokokin gwamnatin Vichy, mai mulkin Faransa a lokacin yaƙin duniya na biyu, a kan Yahudawa. Yaro ɗan shekara 12 da aka ce ya tattara ya tafi gida. Ina jin daga nan ya daina yarda da duk wani layi da aka ja aka ce wannan na ciki ne, wancan na waje.

Ɗalibi: Na gode Yaya. Amma shi ɗin yana da imani ne ko babu?

'Yar Damagaram: Ya rubuta cewa daidai ne a ɗauke shi a matsayin marar imani, a cikin littafin da yake cike da addu'a da hawaye da ambaton Agustin, babban malamin Kirista na da, shi ma ɗan ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Kai ka raba wannan gardamar.

Ɗan Wusasa: Bari in sa baki daga ɓangarenmu na Kirista, don a makarantar tauhidi muka sha su. Mafi sauƙin shiga John Caputo ne, Ba'amurke, yana rubutu kamar mai hira. Ƙaramin littafinsa On Religion na 2001 za ka gama shi a ƙarshen mako. Sai dai ka yi hattara, yana son Derrida har ya kusa sa masa rigar limanci. Jean-Luc Marion kuwa ɗan Katolika ne na gaske. A littafinsa na 1982, Dieu sans l'être, yakan rubuta sunan Allah ya ja gicciye a kansa, don ya nuna cewa duk ma'anar da hankali ya kama ya ce ga Allah nan, ta zama gunki. A cewarsa gunki madubi ne, kanka kake gani a ciki. Shi da Derrida sun yi muhawara gaba da gaba a Jami'ar Villanova ta Amurka a 1997 a kan kyauta: shin akwai kyautar da ba ta zama bashi? Kai da ka san bikin Hausa, ka san wannan tambayar ba wasa ba ce.

Vattimo ne ba zan ba ka shawarar jingina da shi ba. Duk ginin nasa a kan aƙidarmu yake, cewa Allah ya ƙasƙantar da kansa ya zama mutum, daga nan ya ce raunin addini a Turai cikar bishara ne. Ko mu da yawa ba mu yarda ba, balle a ɗora shi a kan Musulunci.

Almajiri: Ni tun da Malam ya yi maganar allahn masu falsafa nake tuna karatun zaure. Siffofin salbiyya biyar da muka haddace a Ummul Barahin ta Sanusi, ai kore wa Allah abin da bai dace da shi ba ne: ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, bai yi kama da halitta ba. Akwai littafin Ian Almond na 2004, Sufism and Deconstruction, ya jera Ibn Arabi da Derrida, musamman a kan ruɗewa, wadda Shehi yake ɗauka a matsayin daraja. Ashe ba mu riga su ba?

Tsohon Malami: A nan ne nake so ka taka birki. Littafin yana da daɗi, a karanta. Amma Derrida ya ƙi wannan auren tun da ransa. A laccar da ya yi a Ƙudus a 1986 ya ce masu kore siffa suna korewa ne don su tsare wani Zati da ke sama da duk siffa, shi kuwa ba wannan yake yi ba. A laccar ma ya faɗa cewa ya bar al'adar Yahudawa da ta Larabawa a gefe, bai taɓa su ba. Ruɗewar Ibn Arabi ta wanda haske ya yi wa yawa ce. Ta Derrida ta wanda yake jiran baƙo ce, bai san ko zai zo ba. Ɗalibanmu suna son su ga kama su yi tafi. Kama da wane ba ta wane.

'Yar Damagaram: Haka ne Baba. In yana son wanda ya zauna a gidajen biyu, ya nemi Souleymane Bachir Diagne, ɗan Senegal, wanda Derrida da Althusser suka koyar a Paris. Comment philosopher en islam na 2008, an fassara shi da Turanci, gajere ne kuma ba ya kumbura magana.

Ɗan Wusasa: Foucault fa, masanin nan na Faransa? Ba wanda ya ambace shi.

Tsohon Malami: Ya je Iran sau biyu a 1978, ya rubuta wa jaridar Italiya Corriere della Sera rahotanni, ya yi ɗoki da abin da ya kira ruhin siyasa, ya sha suka bayan an fara kashe-kashe. Abin karantawa ne, amma wani aikin ne daban. Wanda ya yi amfani da kayan aikinsa da kyau a kan addini Talal Asad ne, a Genealogies of Religion na 1993. Mai Larabci kuma ya duba Taha Abdurrahman na Moroko, Ruhul Hadasa, shi raddi yake daga cikin gida.

Mai Goro: To ni dai na faɗi tawa. Allah Ya tsare mana imaninmu.

Ɗalibi: Amin Alhaji. Na fasa ɗaukar kowa da kowa. Zan tsaya a kan zaman Capri da tambayar wa aka bari a waje, in haɗa da Asad. Yaya, akwai fassarar Turanci ta Foi et savoir?

'Yar Damagaram: Akwai, tana cikin tarin da ake kira Acts of Religion na 2002. Sakin layi 52 ne masu lamba. Ka ci biyu a rana, da fensir a hannu.