Mota mai caji da fetur: nawa jiharku ke ragewa?

Baban Zahra: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tsohuwar motata ta gaji, kullum muna hanyar bakanike. Ina son irin wadda ake jona wa wuta kuma tana shan fetur, Prius ko RAV4. Na ji an ce gwamnati na rage kuɗi. A jihar Niyok ta Amurka nake, don Allah wanda ya taɓa saya ya ba ni haske.

Alhajin Kolombos: Wa alaikumus salam. Ƙanena, dala 7,500 ɗin nan na gwamnatin tarayya cire shi daga lissafinka, ya ƙare tun 30 ga Satumba 2025. Yanzu kowace jiha da tata dokar. Mu nan Ohayo karɓa ma ake yi: dala 150 ƙari duk shekara wajen sabunta rajista, mai batir zalla kuwa 200. Hujjarsu, da harajin fetur ake gyaran titi, kai kuma ka rage sayen fetur.

Maman Hanif: Alhaji, ai Niyok tana bayarwa. Shirin Drive Clean na NYSERDA, hukumar makamashi ta jihar, a wajen dila ake cire kuɗin nan take, ba sai lokacin cike takardun haraji ba. Nisan da batir ke kai motar suke dubawa. Ƙasa da mil 40, dala 500. Daga mil 40 zuwa 199, dala 1,000. Dubu biyun da ake ta faɗa na masu mil 200 ne zuwa sama. Kuma idan farashin kamfani ya haura dala 42,000, ɗari biyar kawai za ka samu, komai girman batir. RAV4 mai caji samfurin 2025 tana yin mil 42, amma farashinta ya wuce wannan iyakar. Da ni ce kai, Malam, ƙaramin samfurin Prius zan fara dubawa, yana yin kamar mil 44 kuma kuɗinsa bai kai can ba. Ka tambayi dilan ko yana cikin shirin kafin ku fara ciniki.

Direban Bironks: Yaya, kafin maganar rangwame, a ina kake ajiye mota da dare? Ni abin da ya ci ni ke nan. Hawa na huɗu nake, mota a bakin titi, yau wannan gefen gobe wancan saboda masu shara. Dilan da ya sayar min bai taɓa tambayata inda zan yi caji ba, ni ma ban yi tunanin ba. Satin farko na riƙa kai ta wajen caji na kuɗi, in zauna a ciki awa biyu da kofin shayi ina kallon allo, fasinja na wuce ni. Na gaji na bari. Yanzu wayar cajin tana but ɗin mota a naɗe cikin jakarta, fetur nake sha kamar kowa, ga nauyin batir ina ja a banza. Motar ba ta da laifi, amma da na sani da wadda ba a jonawa na saya, kuɗin ya fi sauƙi.

Injiniya: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Ku kuma lura jihohi sun fara ja da baya kan irin wannan mota. Masacusets ta daina ba ta rangwame a 2023. Mu a Kalifoniya, dokar 2022 ta ce zuwa 2035 duk sabuwar mota ta zama marar hayaƙi, amma ta bar wa mai caji da fetur gurbin kashi 20 cikin ɗari, da sharaɗin batirinta ya yi mil 50. A watan Yunin 2025 Trump ya sa hannu aka soke izinin da gwamnatin tarayya ta ba dokar, jihar ta tafi kotu. Takardar da muke mannawa mu bi layin masu ɗaukar fasinja ko mutum shi kaɗai ne, ita ma ta daina aiki ƙarshen Satumba 2025. Wannan ta fi yi min ciwo, don ita ke rage min cunkoson safe.

Baban Zahra: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ni ƙasan gida nake haya, mota na kwana a gefen bango, akwai soket a waje. Wurin aikina mil 14 ne. Wannan soket ɗin zai isa?

Injiniya: Zai isa. Wutar gida mai ƙarfin volt 120 tana cika Prius cikin awa 11 ko kusa da haka. Ka jona bayan isha'i, ka cire lokacin fita aiki, zuwa da dawowarka mil 28 duk a kan batir. Da sanyi nisan yana raguwa, inji zai riƙa tashi, kada ka tsorata. Amma kada ka haɗa da ƙarin waya, kai tsaye a bango, kuma mai gyaran wuta ya duba soket ɗin tukuna.

Alhajin Kolombos: Ka sami mai gidan ku yi magana, a san mitar wa soket ɗin yake. In tasa ce, ku yanke abin da za ka riƙa ƙarawa a wata, a rubuce.

Baban Zahra: To Alhaji, gobe in sha Allah zan same shi bayan la'asar. Hajiya Maman Hanif, in kina da jerin dilolin da ke cikin shirin ki turo min.