Takardar NEBOSH ta isa in fara koyar da sefti a Saudiyya?

Ɗan Gumel, Yanbu:
Assalamu alaikum. Shekarata shida ina aikin sefti, wato kare ma'aikata daga haɗari, a wani kamfanin gine-gine, kuma ina da NEBOSH IGC, takardar shaidar sefti ta wata hukumar Burtaniya, tun 2021. Ni ke tara leburori da sassafe ina yi musu bitar ɗaura bel kafin a hau sama, ni ke korarsu inuwa daga 12 zuwa 3 idan dokar zafi ta shigo, 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. To ga wani a Jidda ya ce in kawo riyal 1,500, cikin kwana biyu zai mai da ni malamin OSHA, in riƙa ba mutane katin shaidar horo. Mudir ɗinmu, wato manaja, har ya fara murna. Ni dai raina bai kwanta ba. Don Allah wa ya san kan abin?

Baban Jubail:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka. OSHA hukumar Amurka ce, katinta na awa 10 da awa 30 ana bayar da shi ne a kan horon da aka yi inda ikonta ya kai, Yanbu kuwa ba ta ciki. Ko can ɗin, mai son koyar da ɓangaren gini sai ya yi shekara biyar a aikin, ya yi kwas na 510, sannan 500, kuma ya sabunta duk shekara huɗu. Ina kwana biyu za su ɗauki wannan? IGC ɗinka shaida ce ka iya aikin, ba izinin koyarwa ba ce. NEBOSH cibiya take amince wa, cibiyar ce ke miƙa sunan malaminta a duba shi. A nan Saudiyya kuma lasin cibiyoyin horarwa masu zaman kansu yana hannun TVTC, hukumar koyar da sana'o'i ta gwamnati. Ka ce mutumin Jiddan ya nuna maka nasa, za ka ga yadda zai fara kame-kame.

Mai Kiren:
Ni an taɓa yi min. Kati mai sheƙi, har da tambarin mikiya. Na kai shi get ɗin wata matatar mai, mai dubawa ya juya shi sau ɗaya ya miƙo min, ko kwamfuta bai taɓa ba. Haka na koma masauki a motar da ta kawo ni.

Ummu Ruƙayya, Makka:
Malam, ka duba iƙamarka ma, wato takardarka ta zama. Bitar safe ga ma'aikatan kamfaninku aikinka ne, ba mai hana ka. Amma karɓar kuɗin mutanen waje ka koyar, alhali kana ƙarƙashin kafilinka, wanda ya ɗauki nauyin zamanka, wata magana ce daban, kuma tana iya jawo maka tara ko abin da ya fi tara.

Ɗan Gumel, Yanbu:
Na gode, Baba, na gode Hajiya. Na tambayi mutumin Jiddan lambar lasin tun la'asar. Ya karanta, shiru har yanzu. Gobe sai in san yadda zan gaya wa mudir.