Kufan Kanawa ne asalin Kano?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Nijar tun muna yara tsofaffi ke gaya mana Kufan Kanawa, kufain nan mai ganuwar dutse a jihar Damagaram, shi ne tsohuwar Kano, daga nan Kanawa suka taso suka yi kudu. Sunan ma kaɗai ya isa shaida.

Bakano: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Suna ba ya zama shaida. A gindin Dala an tono maƙerar narka tama da awo ya nuna ta kai ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano kuma ya ce Sarki Gijimasu, 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa.

Malama: Bari in sa baki. Anne Haour, masaniyar tonon kayan tarihi, ta yi tono a Kufan Kanawa, ta samu fasassun tukwane da gawayi. Da aka auna gawayin don gano shekarunsa, sai ya nuna mutane sun zauna wurin tsakanin ƙarni na 14 da na 17. To Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, yana kafa kasuwar Kurmi, wancan gari yana nan da ransa. Yaya za a ce uwa ce, alhali tare suka girma da 'yar?

Ɗan Damagaram: Malama, da girman kujerarki, ramuka nawa aka haƙa a duk faɗin kufain? Abin da ke can ƙasa bai gama fitowa ba. Kai kuma Bakano, maƙera daban, birni daban. Tarihin Kanon nan sai ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta shi, daga bakin tsofaffi. Don me za a karɓi bakin naku, a ƙi namu?

Malama: Nan kam ka taɓa gaskiya. Cikin birnin Kano gida ne bisa gida, shi ya sa tono ke wuya. Ni dai na fi karkata ga cewa wasu Kanawa ne, fatake ko masu gudun yaƙi, suka zauna can har sunansu ya bi wurin.

Bakano: Abin da ke ci mini rai, muna nan muna musu, ana kwashe ƙasar ganuwarmu ana yin tubali, ana gini a kanta. Duk kwandon ƙasar da aka ɗiba, ya tafi da gawayin da za a auna gobe.

Ɗan Damagaram: Wallahi ya taɓa ni. Amma ban janye ba, sai an koma kufain an tona har an tarar da ƙasar da hannun mutum bai taɓa ba.